Malam Nasidi da Takardar da Aka Datse

Duk wanda rigimar gado ko ta iyakar gida ta taɓa kai shi kotu a birnin Zariya cikin shekarun nan na tamanin da casa'in, ya san Malam Nasidi. Ba sai an yi maka kwatance ba. Kana doso kotun za ka hango ɗan tebur a gindin durumi, da wata tsohuwar tafireta mai tari kamar akuya, da siririn mutum mai tabarau, hularsa kullum a gyare kamar wanda ke jiran a kira shi ciki. Ba a taɓa kiransa ba. Shi dai nasa ya buga wa mutane takardar ƙara, da ta rantsuwa, da ta koke, su karɓa su shige, shi ya tsaya a waje. Lauyoyi masu baƙar riga sukan zo su tsugunna gefen teburinsa, su rage murya su tambayi abin da ya shige musu duhu, sannan su je gaban alƙali su amayar kamar daga cikinsu ya tsiro. Mutumin da ya yi shekara biyar yana karatun shari'a a Sudan ke nan, ya fito na biyu a ajinsu. Abin da ya tsare shi a waje ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma sammu ba ne kamar yadda matan unguwa suka so su ce. Almakashi ne, da kunya. Bari a faɗi yadda aka yi, don an daɗe ana rufa-rufa.

Gidansu yana Ƙofar Jatau, gidan Malam Jalo, irin gidajen nan na cikin ganuwa da ba a san ranar da aka fara karatu a zaurensu ba. Kakansa Sidi ya yi muhuti, wato mataimakin alƙali, a kotun birni, sunansa kuma yaron ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunansa na yanka a gidan, sai Nasidi. Malam Jalo kuwa malamin fiƙihu ne, magidanta masu furfura ke ɗaukar karatu a gabansa da hantsi. Littattafansa duk warwara ne, rubutun hannu, ana jera su tsakanin kwali biyu masu tauri da ake kira tadarishi, a ɗaure, a zura cikin gafakar fata. Mutum ne mai son tsari har ya yi yawa. Idan takarda ɗaya ta leƙo ta fi 'yan'uwanta tsawo, ba ya samun sukuni sai ya sa almakashi ya daidaita ta, don ya ce gefen da ya leƙo shi ke fara yagewa ya jawo wa sauran. A kan littattafansa gaskiya ya faɗa. Akwai wata gafaka guda, baƙa, wadda ta fi kowace tsufa. A ciki yake ajiye takardun izinin karantarwa da malamai suka rubuta wa ubansa, da kakansa, da shi kansa. Ba mai taɓa ta.

A sakandare Nasidi ya yi aboki, Harold Ɗan'azumi, ɗan wani malamin makaranta daga Wusasa. Benci ɗaya suka zauna shekara biyar suna musu. Harold na kiransa Alƙali, shi kuma yana kiran Harold Bature. Dukansu lauya suke son zama. Da suka gama, Harold ya samu tafiya Landan, Nasidi ya samu Khartum. Malam Jalo ya yarda da tafiyar ne don ƙasar Larabci ce, kuma an ce masa makarantar tana haɗa shari'ar Musulunci da dokar Turawa. Ya ce to, a je a ga abin da suke da shi.

Da damina ta shekarar 1984 Nasidi ya dawo. Daga filin jirgin Kano bai tsaya ko'ina ba sai Ƙofar Jatau. A nan fa aka yi kuskuren farko, don da ya bi ta Sabon Gari ya ba mai injin kwafi takardar nan minti biyar, da ba a wannan labari. Amma ina! Ɗan gidan malamai ba ya nuna wa kowa abin da ya samo kafin ubansa ya sa masa hannu. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban buzun ubansa, ya miƙa takardar digirinsa da hannu biyu. Doguwa ce, mai kauri, Larabci a dama, Turanci a hagu, can ƙasa kuma ga jan hatimi da lambar rajista.

Malam Jalo ya karanta ta a bayyane, kalma-kalma, ɗalibai suna ta Masha Allah. Mutumin da bai taɓa yabon ɗansa a gabansa ba, ranar sai da farin ciki ya bayyana a fuskarsa. Ya tofa addu'a, ya ce, "Bar ta nan ta kwana cikin 'yan'uwanta."

Ta kwana. Ta yi wata huɗu tana kwana. Cikin watannin nan aka yi bikin Nasidi da Rahmatu, 'yar wani akawu daga Tudun Jukun, malamar firamare, mace mai baki ɗaya da zuciya ɗaya, abin da ta gani shi take faɗi. Sai lokaci ya yi da waɗanda suka yi karatu a waje za su kai takardunsu Ikko a tantance, kafin a ba su gurbi a makarantar horas da lauyoyi. Sai an bi ta nan mutum ke sa baƙar riga da hular gashin doki ya tsaya gaban alƙali. Nasidi ya je zaure ya roƙi takardarsa.

Malam Jalo ya jawo baƙar gafaka. Ya kwance, ya buɗe tadarishi, ya zaro ta daga kan izinin kakansa. Ai kuwa ta zauna daram, daidai da sauran, ba inda ta leƙo. Ya datse ta. Ya rage gefe da gefe, ya kuma yanke ƙasan nan kamar faɗin yatsa uku, wurin da hatimi da lamba suke. A ɗan filin da ya rage ya rubuta addu'a da tawada, da kyakkyawan rubutunsa, ya jera sunan Nasidi, ɗan Jalo, ɗan Sidi, har kakanni bakwai.

"Ta yi tsawo," in ji shi, yana murmushi. "Larabawan nan ba su san tattalin takarda ba. Yanzu ta shiga sahu. Ba a taɓa sa takardar boko cikin gafakar nan ba sai taka."

Nasidi ya dubi takardar, ya dubi fuskar tsohon da ke jiran godiya, ga ɗalibai shida a zaune suna kallo. Me ya ce? Ya ce, "Na gode, Malam. Allah Ya ƙara girma."

Ku ji fa. Na gode!

Ya hau jirgin ƙasa ya tafi Ikko da ita a haka, yana ce wa ransa wataƙila ba za su lura ba. Matar da ke karɓar takardu a ofishin ba ta ko zauna da kyau ba ta lura. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta ɗaga ta sama wajen taga. Ba ta wulaƙanta shi ba, a faɗi gaskiya. Ta ce takarda ba hatimi ba lamba, kuma an yi rubutun hannu a kai, ba yadda za ta yi ta karɓa. Ta ce ko dai ya kawo guntun da aka yanke a haɗa a gani, su rubuta wa makarantar da lambar a tabbatar, ko kuma makarantar ta ba shi sabuwa. Hanya biyu, kowace a buɗe take a ganinta.

Harold ya riga shi dawowa daga Landan, yana Ikko a lokacin, har ya fara shiga aji. A ɗakinsa Nasidi ya sauka. Da Harold ya ga takardar sai ya riƙe baki.

"Alƙali, wa ya yi wa digirinka kaciya?"

"Bature, ba abin dariya ba ne."

"Na ga alama. Wanzamin ma bai bar komai ba. Wane ne?"

"Malam ne."

Harold ya daina dariya. Ya ce, "To ai da sauƙi. Koma ka ce, Baba, ina guntun nan? Shi ke nan."

"In ya ce me za ka yi da shi fa?"

"Ka gaya masa."

"In gaya masa me? In ce Malam ka ɓata min takarda? Mutumin da garin nan ke zuwa tambaya wurinsa, ni zan buɗe baki in nuna masa bai san abu ba? Da wane bakin?"

"Da wannan da kake cin tuwona da shi," in ji Harold. "Wallahi ku mutanen birni sai a barku. In da babana ne, tun a tsakar gida za mu yi ta, Mama ta raba mu, da yamma mu ci abinci kwano ɗaya."

"Shi ya sa ake ce muku 'yan bayan ganuwa."

Suka yi dariya, amma ta Nasidi iyakarta leɓe.

Da ya dawo gida bai tambaya ba, sai ya shiga nema a ɓoye kamar ɓarawo a gidan ubansa. Ya san Malam ba ya yar da takarda mai rubutun Larabci. Akwai wata tukunya a lungun zaure da ake tara irin waɗannan guntaye, in ta cika a ƙone, a binne tokar inda ƙafa ba ta takawa. Ya faki ido ranar Juma'a ya leƙa tukunyar, ya tarar da ita wayam, an ƙone na ciki bai daɗe ba. Ya ɗaga buzu, ya duba bayan alluna, ya laluba alkuki. Babu. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa guntun ya zama toka, tambaya kuma ba abin da za ta haifar sai ɓacin ran tsoho. Lauya guda, ya yanke hukunci bai saurari shaida ba.

Saura hanya ta biyu. Ya rubuta wa makarantarsa wasiƙa da Larabci mai kyau. Shiru. Ya sake rubutawa. Shiru. Da Malam ya tambaye shi labarin Ikko, sai ya ce layi ne, ana jiran kira. Tun daga ranar duk baƙon da ya zo zaure sai Malam Jalo ya gaya masa, "Nasidi yana jiran kira daga Ikko." Don kada a zauna haka, ya sayi tafireta ta hannu ya kafa tebur a gindin durumin kotu. Na ɗan lokaci, in ji shi.

Rahmatu ta ce masa ga jami'a nan a hancinmu, ka shiga ka sake karatun mana, ai kai za ka koyar da malaman ma. Ya ce in ya sake karatun da ya riga ya gama, me zai ce wa Malam? Ta ce ka gaya masa gaskiya. Ya ce ba ki san gidan nan ba. Ta ce, "Na san shi sarai. Gida ne da ake karanta hukuncin komai, har na ɓeran da ya faɗa rijiya, amma ba a iya cewa ina guntun takarda." Ya yi kwana biyu bai ci tuwonta ba.

Shekara ta bi shekara. Aka haifi Maimuna, aka haifi na biyu, aka haifi na uku. A 1990 ya gaji da jiran gidan waya, ya haɗa guzuri ya koma Khartum da ƙafarsa. Ya tarar makarantar tasu an haɗe ta da wata, an sauya mata suna, malaman da suka san shi wasu sun tafi ƙasashen Larabawa neman aiki, wasu sun rasu. Aka tura shi wurin wani dattijo mai rawani da ke kula da ɗakin ajiya. Dattijon ya ba shi shayi, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa buhuna jibge har rufi. Ya ce ambaliyar da aka yi shekara biyu da suka wuce ta shiga ɗakin, littafin da ke ɗauke da sunaye ya zama kunu. Fayil-fayil da yawa sun tsira, amma da lamba aka jera su, ba da suna ba, kuma ba shi da ikon kwance buhu ba takardar izini mai ɗauke da lambar.

"Ba ni lambarka, ɗana, ko a baki ne. Kafin shayin nan ya huce zan sa a fito maka da fayil ɗinka."

Wa ke haddace lambar da ya gani sau biyu a rayuwarsa? Katinsa na ɗalibi ya mayar tun ranar da aka sallame su. Ya yi sati uku yana zarya daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na ce masa Allah Ya kawo sauƙi. Ya dawo da dabino da turare, ya ce wa Malam ziyara ya je.

Shi kuwa Harold, ya sa rigarsa tun 1986. Ya yi aiki a Kaduna, daga nan aka ɗauke shi majistare a Gambiya. Katinsa na gaisuwa yakan zo daga Banjul, da hoton teku a jiki, Nasidi ya sa shi ƙarƙashin tafireta. Da Kirsimetin 1993 Harold ya zo gida Wusasa, ya biyo ta kotu ya same shi a gindin durumi. Ya yi ƙiba, ya yi sanƙo. Ya zauna a bencin masu jiran takarda ya daɗe yana kallon abokinsa yana buga wa wata tsohuwa koke.

"Alƙali, har yanzu wannan akuyar ba ta mutu ba?"

"Ta fi motarka lafiya, Bature."

"Saurara. Can inda nake, shari'un gado sun yi mana katutu. Ana neman wanda ya san fiƙihu ya kuma san dokar Turawa, yana jin Larabci yana jin Turanci. Na ce musu na san mutum ɗaya tak. Ba sa bukatar rigar Ikko, digirin kawai suke son gani, cikakke. Na riƙe maka wurin zuwa ƙarshen Maris. Bayan nan ba hannuna."

Nasidi ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Allah Ya saka."

"Ban zo karɓar addu'a ba. Ka tambayi tsohon nan ko kuwa?"

"An ƙone shi, Harold."

"Ka gani da idonka?"

Nasidi ya juya ga tafiretarsa. Ya ci gaba da buga koken tsohuwa.

Harold bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya aika ƙanwarsa Rosaline, wadda suke koyarwa makaranta ɗaya da Rahmatu, ta gaya mata komai. Rahmatu ta yi kwana uku tana juya abin. A gidan nan suruka ba ta haɗa ido da uban miji, balle ta yi masa tambaya. Shekara tara tana cikinsa, maganarta da Malam Jalo ba ta wuce ina kwana daga bayan labule ba. Ranar ta huɗu, da mijinta ya fita kotu, ɗalibai suka watse, ta dama kunu ta ɗauka da kanta. Iya, uwar mijin, ta ce ina za ki, ba ni in kai. Ta ce yau ni zan kai. Ta durƙusa a bakin ƙofar zaure ta ciki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Malam, a gafarce ni. Tambaya gare ni."

Tsohon ya yi mamaki, amma ya ce, "Ai don ita muke zaune. Faɗi, 'yata."

"Takardar da baban Maimuna ya kawo daga Sudan. Guntun da aka yanke a ƙasanta, an ƙone shi?"

"A ƙone? Subhanallahi. Abin da ke ɗauke da hatimin malamansa? Yana nan." Ya ɗaga sandarsa ya nuna saman ƙofar waje. "Na naɗe shi a ƙyalle na cusa a tsagar can, don duk mai shiga gidan nan ya bi ta ƙarƙashin albarkarsa. Me ya faru?"

Da yake Rahmatu ta riga ta tsoma hannu, sai ta zazzage duka. Ikko, da matar ofis, da wasiƙu, da buhunan Khartum, da Banjul, da ƙarshen Maris. Ba ta rage ba, ba ta sa zuma ba. Malam Jalo bai katse ta ba. Kafin ta gama, kunu ya yi sanyi a gabansa. Sannan ya ce, "A kira min Yari magini. A kuma je kotu a ce Nasidi ya zo yanzu."

Abin da tsohon bai lissafa ba shi ne, zauren ƙasa ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai Yari ya zo ya yi masa sabon yaɓe, ya shafe da makuba. Tsagar nan ta daɗe da rufewa. Yaɓe tara ne a kanta.

Nasidi ya iso rana tsaka ya tarar da tsani a ƙofar gidansu, Yari a sama yana sara bango, maƙwabta sun taru, ubansa a tsaye a rana ba rawani, abin da ba a taɓa gani ba. Ya hango Rahmatu a bakin ƙofar ciki. Kallo ɗaya ya yi mata ya gane.

"Dama kaɗan," Malam Jalo ke cewa. "A'a, sama. Yi a hankali, Yari, ba kabari kake tona ba."

"Malam, bangon nan gara ta ci cikinsa fa," in ji Yari. "Ji yadda yake amsawa kamar ganga."

"Kai dai sara."

Can sai Yari ya zura hannu har gwiwar hannu, ya lalubo wani abu ya sauko da shi a tafinsa a hankali. Dunƙulen ƙasar gara ne, da zare-zaren ƙyalle a jiki. Malam Jalo ya karɓa da hannu biyu, yadda ya karɓi takardar ranar farko. Ya tsugunna, ya shiga ɓarewa da farce. Ƙyallen ya marmashe. A tsakiya aka samu ɗan jan abu kamar ƙwayar gero uku a haɗe, ragowar hatimi. Takarda kuwa, da lamba, da sa hannun malamai, gara ta yi kalaci da su tun ba a san shekarar ba.

Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya-ɗaya.

Tsohon bai ɗago ba ya ce, "Shekara tara, Nasidi."

"Na'am, Malam."

"Shekara tara kana bi ta ƙarƙashinsa safe da yamma, ka durƙusa ka gaishe ni. Ina ce wa mutane kana jiran kira."

"Na ji nauyi, Malam."

"Nauyi." Ya juya ƙasar a tafinsa. "Kullum a zauren nan ina gaya wa mutane maganin rashin sani tambaya. Na koya wa garin nan, ban koya wa ɗana ba. Da ka tambaye ni ranar, da hannu zan miƙa in ɗauko maka, ko tsani ba a bukata."

Nasidi ya durƙusa a cikin ɓaraguzan bango yana cewa a yafe masa. A yafe masa! Shi aka yanka, shi ke ba da haƙuri. Uban kuma ya ce a'a, shi za a yafe wa. Suka tsaya nan kowa na roƙon kowa gafara, ga rami a bango, ga Yari riƙe da tsani bai san ko ya tafi ko ya tsaya ba. Abin da aka yi shekara tara ana gudu, kada ran tsoho ya ɓaci, ya ɓaci ɗin, takardar kuma ba a samu ba. Wannan ita ce ribar kunyar.

Maris ya zo ya wuce. Aka ba wani mutumin Sudan wurin, ka ji abin haushi. Harold ya rubuto doguwar wasiƙa, Nasidi ya sa ta ƙarƙashin tafireta tare da katunan teku.

Malam Jalo da kansa ya ce Nasidi ya je ya sake karatun a nan gida. Nasidi ya sayi fom yana da shekara talatin da bakwai. Shekarar aka rufe jami'o'i, aka yi ta yajin aiki har fom ya tsufa a aljihu. Shekara ta gaba ya sake saye, sai tsohon ya kwanta. Tun ranar da aka fasa bango dama bai koma daidai ba. Ya ba Iya almakashinsa ya ce ta yanka zare da shi, kada ya sake ganinsa a zaure. Yakan tsaya tsakiyar karatu ya ƙura wa saman ƙofa ido har ɗalibi ya yi gyaran murya. Ya rasu da azumin 1996. Nasidi ne babba, shi ne kuma ya san littattafan, don haka buzu ya hau kansa, da baƙar gafaka, da gida mai baki ashirin da wani abu. Wa zai bar wannan ya je ya zauna aji da sa'o'in ƙannensa? Da hantsi yana zaure, da rana yana gindin durumi.

Tsakaninsa da Rahmatu, bai taɓa ce mata don me ba, bai kuma taɓa ce mata an gode ba. Dangi dai sun ce ita ta ƙarasa tsoho da bakinta. Ta ce su faɗi abin da suka ga dama, abin da take nadama ɗaya ne, da ba ta yi tambayar tun tana amarya ba. Kuma gaskiyarta. Mace ɗaya ce ta yi hankali a gidan nan, ita aka bari da baƙin jini.

Ramin saman ƙofa Yari ya so ya toshe, Nasidi ya ce a bari tukuna. Har aka shiga 1999 yana nan, tsattsewa ta yi sheƙa a ciki. Duk shekara kuma Nasidi yakan buga wasiƙa ɗaya zuwa Khartum, ko an kwance buhunan nan. Ba a taɓa amsawa ba.

A shekarar ce Maimuna ta gama ƙaramar sakandare, ta fito ta ɗaya, tana ta cewa ita lauya za ta zama. Ranar da aka ba su takardar shaida ta taho da ita a guje, ta cire takalmi a bakin zaure, ta durƙusa a gaban buzu, ta miƙa da hannu biyu, yadda aka koya mata. Ɗalibai suka gyara zama suna jiran a karanta.

Malam Nasidi ya miƙo hannu, har yatsunsa sun kusa taɓawa, sai ya janye ya cusa hannun ƙarƙashin cinyarsa.

"An yi mata kwafi?"

"A'a, Baba. Kai na fara kawo wa, ka sa albarka."

"Tashi. Je ki Tudun Wada a yi miki uku. Ki haddace lambar da ke ƙasa a hanya. Asalin kuma ki kai wa uwarki ta ajiye, kada ki kawo shi ɗakin nan."

Yarinyar ta tsaya da hannu a miƙe, idonta ya kawo ruwa, tana tsammanin wani laifi ta yi. Ta tashi ta fita ta ƙarƙashin ramin. Shi kuma ya jawo littafi, ya ce wa na kusa da shi, "Ina muka tsaya?"